Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ba Mu Ga Kore a Fatar Albasa Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce mai koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a nan Jos, kuma bana ce shekarata ta biyu a bakin aiki. Madubin likita huɗu gare mu, uku ne ke aiki, ɗalibai kuwa sun haura hamsin a aji. Makon jiya na shiga ɗakin gwaje-gwaje da 'yan aji huɗu domin in nuna musu kulorofilas, wato 'yan dunƙulen kore da ke cikin ƙwayoyin halittar tsiro. Na ɓare fatar albasa kamar yadda aka koya mana, na ɗiga aidin, muka duba. Mun ga ƙwayoyin halitta a jere kamar bulo, amma ko ɗigon kore ba mu gani ba. Da na sa ganyen mangwaro kuwa, duhu kawai muka gani. Daga ƙarshe yaran suka kwafi zanen da ke littafi, abin kuma ya tsaya mini a rai. Shin madubin namu ne ya lalace?
Daga wata malama, Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara basira. Madubinki lafiyarsa lau, tun da ya nuna miki bangon ƙwayoyin albasa a sarari. Abin da ya faru shi ne kin nemi abu a inda babu shi. Kan albasa a ƙasa yake girma, rumbun ajiyar abinci ne, hasken rana ba ya isa ga ɓawon cikinsa, don haka fatar nan da ake ɓarowa ba ta da kulorofilas. Malamai suna son ta ne saboda siririya ce, ƙwaya ɗaya ce kaurinta, tana kuma nuna bangon ƙwaya da cibiyarta da kyau. Ganyen mangwaro kuwa cike yake da kulorofilas, sai dai ya yi kauri, ga tauri, ga maiƙo a bayansa. Madubin likita irin na makaranta daga ƙasa yake turo haske, hasken ya ratsa abin da aka ɗora kafin ya iso ido. Duk abin da haske ya kasa ratsawa, baƙi zai fito.

Kafin in faɗi abin da za ki ɗora, yana da kyau yaran su san cewa kulorofilas ɗaya ne daga cikin dangi guda da ake kira filastid. Kulorofilas shi ne kore, shi ne ke kama hasken rana ya haɗa ruwa da iskar kabon dayokzaid ya samar da sukari. Kuromofilas shi ne mai launin ja ko rawaya ko ruwan lemo, irin na nunannen tumatir da tattasai da karas. Lukofilas ba shi da launi, aikinsa ajiya, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne amilofilas mai tara sitaci, kamar na dankali da rogo da hatsi. Dukkansu daga tushe ɗaya suke fitowa, wato ƙananan filastid da ba su kai ga rarrabewa ba, waɗanda ke cikin tsiron da ke kan girma a bakin reshe da bakin saiwa. Duk ukun kuma ana iya ganinsu da madubinki a darasi ɗaya, da kayan da ba su wuce abin da za ki sayo da 'yan canji a kasuwar Farin Gada ba.

Mu fara da kore. A ganina babu abin da ya kai gansakuka sauƙi ga mai koyo, kuma Jos ta wadata da ita da damina. Iri biyu nake nufi. Akwai ta dutse, wadda ke shimfiɗuwa kamar darduma a jikin duwatsu da gindin katanga da bakin rijiya inda danshi ba ya yankewa. Idan kika tsinko tsinke ɗaya kika duba da kyau, za ki ga yana da 'yan mitsi-mitsin ganye, kuma a yawancin irinta ƙwaya ɗaya ce kaurin ganyen, saboda haka ba ya bukatar reza. Ki ciro ganye ɗaya da hantsaki ko bakin allura, ki sa shi cikin ɗigon ruwa a kan gilashin gwaji, ki jingina siririn murfin gilashi a gefen ɗigon, sannan ki sauke shi a hankali domin kada iska ta maƙale a ƙasa. Kumfar iska takan fito da'ira mai baƙin baki mai kauri, kuma na sha ganin ɗalibi ya zana ta da ƙwazo yana zaton ƙwayar halitta ce. Ki fara da ƙaramin idon madubin na ƙasa mai lamba 4, ki nemo ganyen, ki koma mai lamba 10, sannan mai lamba 40. Idan idon sama, wanda ake leƙawa ta cikinsa, mai lamba 10 ne, kin kai girma sau 400 ke nan. A nan za ki ga kowace ƙwaya da 'yan dunƙule-dunƙule kore masu siffar ƙwayar wake, sun lafe a jikin bango, saboda babbar jakar ruwa da ke tsakiyar ƙwayar ta tura su gefe. Tsawon kowane ɗaya yakan kama daga maikiromita 5 zuwa 10, maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Kada ki ɗiga aidin a wannan gwaji. Aidin yana kashe ƙwayar, yana kuma rina komai ruwan ƙasa har koren ya ɓace. Ruwa zalla ya isa.

Gansakuka ta biyu ita ce ta ruwa, mai zare-zare da santsi a hannu, wadda ke tasowa a ruwan da ya kwanta. Sau da yawa akan samu irin da ake kira Spirogyra a cikinta, kuma kulorofilas ɗinta ba dunƙule ba ne, wani koren ƙyalle ne da ya murɗe a cikin ƙwayar kamar igiyar da aka naɗa a sanda. Ban taɓa ganin yaron da ya leƙa wannan bai ɗago kai da mamaki ba. Da irin waɗannan zaruruwa ne wani masani Bajamushe, Engelmann, ya nuna a shekarun 1880 cewa daga jikin kulorofilas iskar oksijin ke fita, domin ya ga ƙwayoyin bakteriya masu son oksijin suna taruwa daidai inda haske ya sauka a kan koren. Sai dai ina roƙonki kada ki aiki yara su ɗebo daga kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen gari, domin da yawansu suna da zurfi ƙwarai, bakinsu kuma yana zaftarewa. Ki ɗebo da kanki a kwalba daga ruwa marar zurfi, ki ajiye kusa da taga.

Idan rani ne gansakuka ta bushe, ki nemi lawashi ko alayyahu. Ki karya ganyen ki ja shi a karkace, za ki ga wata fata fara sol ta biyo baya a gefen yagewar. Ki yanko ta ki sa a ruwa. Yawancin ƙwayoyin wannan fata ba su da kore, amma jefi-jefi za ki ga ƙwayoyi biyu-biyu masu siffar ƙoda sun sa wata 'yar ƙofa a tsakiya. Ƙofofin numfashin ganye ke nan, kuma ƙwayoyin da ke gadinsu suna da kulorofilas da za a iya ƙirgawa. Wannan gwaji yana da daɗi saboda albasa ɗaya ce ta ba da darasi biyu: kanta da ke ƙasa babu kore, ganyenta da ke rana akwai.

Sai ajiyar sitaci. Mu a Filato ba mu da uzuri, domin dankalin Turawa na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yana ko'ina, har ma akwai tashar binciken dankali a Kuru. Ki yanka ɗanye, ki kankaro ruwan da ya fito a fuskar yankan da bakin reza, ki gauraya shi da ɗigon ruwa har ya zama kamar ruwan tsakin shinkafa. Ki rage haske ta ƙofar da ke ƙarƙashin farantin madubin, domin abin da ba shi da launi yakan ɓace a cikin haske mai yawa. Za ki ga ƙwayoyin sitaci masu siffar ƙwai, manya da ƙanana, wasu sun kusa maikiromita 100, kuma idan kika murza ƙaramin maɓallin daidaita gani a hankali za ki ga layuka zobe-zobe a jikinsu, sun kewaye wani ɗigo da ke kusa da gefe ɗaya, ba a tsakiya ba. Daga wannan ɗigo aka fara tara sitacin, ana ɗora shimfiɗa kan shimfiɗa. A nan ne aidin ke da amfani. Ki sirka shi da ruwa har ya koma kamar shayi marar ƙarfi, ki ɗiga a gefe ɗaya na murfin, ki kanga 'yar takarda mai shan ruwa a ɗaya gefen. Yara za su ga launin yana tafiya, ƙwayoyin suna rikiɗa ɗaya bayan ɗaya daga fari zuwa shuɗi mai duhu. Idan aidin ya yi ƙarfi, baƙi ƙirin za su koma, zoben ya ɓace. Ki gaya musu gaskiyar abin da suke gani: sitacin ne ya bayyana, fatar amilofilas da ta lulluɓe shi ta yi siririn da madubin ba zai nuna ba. In da sauran lokaci, ki kwatanta da garin masara, wanda ƙwayoyinsa ke da kusurwoyi, da na shinkafa, waɗanda ƙanana ne ƙwarai.

Na launi shi ne mafi sauri. Ki lakato naman nunannen tumatir daga ƙarƙashin fata, ɗan kaɗan kamar kan ashana, ki baje shi a ruwa. Ƙwayoyin manya ne, sun rabu da juna, cikinsu kuma akwai barbashin ja. A karas, idan yankan ya yi siriri, akan ga launin a siffar allurai da 'yan ɓaraguzai, saboda sinadarin karotin ya daskare.

Game da yawan ɗalibai, ki ɗora kore a madubi ɗaya, dankali a na biyu, tumatir a na uku, ki daidaita su tun kafin yara su shigo, su riƙa zagayawa rukuni-rukuni. In babu wuta, ki juya madubin ƙasa ya ɗauko hasken taga, amma kada ya fuskanci rana kai tsaye, domin hakan yana iya lalata ido. Sannan ki rufe littafi har sai kowa ya zana abin da idonsa ya gani, da fensir mai tsini, ƙwaya biyu ko uku manya, da sunan abin da aka duba da yawan girman da aka yi amfani da shi. Zanen da ya karkace amma na gaskiya ne ya fi mini wanda aka kwafa da kyau, kuma shi ne zai taimaki yaro ranar jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO, inda za a ajiye masa abu a gabansa a ce ya zana.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne ɗan aji shida. Mahaifiyata tana sayar da dankali, kuma na lura wanda ya daɗe a rana yakan yi kore. Shin kulorofilas ne ya shige shi daga waje? Kuma jan zoɓo da na albasa mai shunayya, su ma kuromofilas ne?
Daga wani ɗalibi, Gangare, Jos

AMSA: Yauwa ɗana, ka yi kyakkyawar lura, Allah ya yi maka albarka. Babu abin da ya shiga dankalin daga waje. Filastid ɗin da ke ƙarƙashin ɓawo, waɗanda a duhun ƙasa sitaci kawai suke tarawa, su ne haske ya sa suka ƙera kulorofil, wato sinadarin kore, suka koma kulorofilas. Dankalin Turawa asalinsa kara ne da ya kumbura a ƙasa, ba saiwa ba, shi ya sa yake da idanu masu tsiro, shi ya sa kuma yake saurin amsa kiran haske. Kana iya tabbatarwa da kanka: ka yanko siririn yanki daga wurin da ya yi kore, da wani daga tsakiya, ka duba su a jere.

Irin wannan sauyi yana faruwa ta fuskoki da yawa. Ɗanyen tumatir kore ne saboda kulorofilas. Idan ya fara nuna, kulorofil ya rushe, sinadarin laikofin mai ja ya taru, filastid ɗin nan dai ya zama kuromofilas. Haka kuma idan ka ɗaga dutse ko tukunya da ta danne ciyawa, za ka tarar da ita fari-fari ko rawaya, domin filastid ɗinta sun tsaya a rabin hanya suna jiran haske, kuma cikin 'yan kwanaki a sarari sai ta koma kore.

Akwai abin da ya kamata ka isar wa Mama. Koren kansa ba guba ba ne, amma hasken da ya kawo shi yana kuma ƙara wani sinadari mai ɗaci da ake kira solanin a ɓawo da tsiron dankali, wanda in ya yi yawa yana sa ciwon ciki da amai da gudawa, kuma dafuwa ba ta kawar da shi yadda ya kamata. A fere wurin da ya yi kore da zurfi, a cire tsiro, wanda ya yi kore sosai ko yake ɗaci a zubar. A wajen ajiya kuma a rufe shi da buhu a inuwa mai iska.

Zoɓo da albasa mai shunayya kuwa lamarinsu daban ne, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke faɗuwa. Launinsu daga sinadarin antosayanin yake, wanda ba ya zama a filastid. A narke yake cikin jakar ruwan da ke tsakiyar ƙwaya. Idan ka ɗora fatar waje ta jar albasa a madubi, ba za ka ga barbashi ba, za ka ga launin ya cika ƙwayar baki ɗaya kamar an zuba rini a kwalba. Ko a madafa ana ganin bambancin. Zoɓo da an jiƙa shi ruwa ke ɗaukar launinsa, in an matsa lemon tsami ya ƙara ja, in an jefa kanwa ya yi duhu ya sauya kama. Jan tumatir da tattasai kuwa mai yake bi, shi ya sa idan ana suyar miya man gyaɗa ke tasowa ja a sama. Jan manja ma daga karotin yake. Ka riƙe wannan: launin da ke bin mai, galibi na filastid ne; wanda ke bin ruwa, na jakar ruwa ne.

TAMBAYA: Malam, ni ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje a makarantarmu. A littafi ana zana kulorofilas da wasu faya-fayai a jere a cikinsa, mu kuwa ɗigon kore kawai muke gani. Wani ɗan kasuwa ya ce zai kawo mana madubi mai girma sau 2000. Mu saya?
Daga wani ma'aikaci, Bukuru

AMSA: Malam, ina ba da shawarar ku riƙe kuɗinku. Ƙara girma daban, rarrabe abu daban. Madubin da ke aiki da haske, komai tsadarsa, ba ya iya raba abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin maikiromita 0.2, kuma wannan iyaka daga yanayin hasken kansa take. Da zarar an wuce girma sau 1000 ko kusa da haka, hoton ne kawai ke ƙara faɗi yana dushewa, babu sabon abin da zai fito. Faya-fayan da kuke gani a littafi, waɗanda ake kira girana, inda kulorofil ke zaune, an zana su ne daga hoton madubin lantarki mai aiki da ilektoron maimakon haske, irin wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara ƙerawa a Jamus a 1931. Da madubi mai kyau da idon mai lamba 100 da ake sa wa mai, iyakar abin da za a gani shi ne ɗigo-ɗigo masu duhu a cikin koren.

Ku gaya wa ɗalibai wannan a fili, domin kada su zaci idonsu ne bai iya ba. Ku kuma gaya musu cewa da madubin haske aka yi manyan bincike a kan wannan fanni. A 1665 Robert Hooke ya bayyana ɗakunan da ya gani a ɓawon itace. A shekarun 1860 Julius Sachs ya nuna da aidin cewa sitaci yana taruwa a cikin koren ƙwayoyin ganye idan akwai haske, yana kuma raguwa a duhu. A 1883 Andreas Schimper ya lura cewa kulorofilas rabuwa biyu yake yi ya hayayyafa, kamar yadda bakteriya ke yi. Wannan lura ce Konstantin Mereschkowski ya faɗaɗa a 1905, sannan Lynn Margulis ta farfaɗo da ita a 1967, har masana suka tsaya a kan cewa asalin filastid wata bakteriya ce mai amfani da haske da ta zauna cikin wata ƙwaya. Hujjarsu ta haɗa da cewa filastid yana da nasa DNA, wato sinadarin gado, yana kuma da fata biyu. A tsakiyar shekarun 1990 an gano cewa ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ma tana ɗauke da ragowar filastid marar kore, wanda ba ta iya rayuwa sai da shi, kuma maganin doksisaikilin a nan yake kama ta.

Kuɗin da za ku kashe, ku sayi gilasan gwaji da murafensu da yawa, domin su ne ke saurin karyewa, da reza sababbi, da takardar goge idon madubi, ku kuma gyara wanda ya lalace. Yawancin madubin da ake cewa sun mutu a makarantu, datti ne a idon mai lamba 40, inda ya taɓa ruwa ko aidin ya bushe a kai. Ku juya idon sama kuna kallo: in tabon ya juya tare da shi, dattin a nan yake; in ya motsa sa'ad da kuka gusa gilashin gwaji, a gilashin yake; in bai motsa ba ko kaɗan, ku duba idon ƙasa. Kada a goge da gefen riga ko auduga mai ƙura, domin ƙurar hunturu tana karce gilashi, sai a fara hure ta da 'yar roba mai busa iska. Da damina kuwa danshin Jos yana sa fumfuna ta tsiro a cikin idon, ta bar zane kamar saƙar gizo-gizo wanda ba ya gogewa in ya daɗe. Ku riƙa ajiye su a akwati mai rufi tare da 'yan ƙunshin sinadarin shan danshi irin wanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ku fito da su su sha iska ko da sau ɗaya ne a mako, har da lokacin dogon hutu na watan Agusta, wanda ya faɗo a tsakiyar ruwa.